Gaba Uku a Ƙarfen Baba Sigina

Ku da kuke zama a bakin shago kuna nuna ƙarfen sabis da leɓe, kuna cewa mai filin nan ya huta, yana kwance kuɗi na sauko masa daga sama, ku matso in ba ku labari. Ni na yi wa ƙarfe dillanci tun kafin a haifi yawancinku, tun ba wanda ya san za a yi wayar da ake sawa a aljihu. Ban yi boko ba, har yau dangwala yatsa nake yi. Jikata Rifkatu ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana. Sunana Maman Bitrus, amma in kun shiga kasuwar Kafanchan kuka tambayi tsofaffi, ku ce Uwar Ƙarfe, za su gane.

Kafin ƙarfe, ɗakuna nake nema wa 'yan haya. Shekara goma sha biyar na yi a kan haka bayan rasuwar maigidana. Jirgi ya tsaya, ma'aikacin reluwe ya sauko da akwatinsa da matarsa da takardar canjin wurin aiki, ni ce ta farko da zai gani. Ina shiga ɗaki, ba rufi nake fara dubawa ba, ba ƙofa ba. Bango nake ƙwanƙwasawa. In sa wata ta tsaya a ɗakin da ke kusa ta yi tari, in na ji tarin, in ce wa mai gida ɗakin nan na gwauro ne, ba na mai iyali ba. Abu na biyu da na sani a sana'ar shi ne ɗaki ba ya zama ba kowa. In ya yi wata biyu a rufe, gara ta shiga, mai gida ya fara kallonki a kaikaice, a ba wata dillaliya. Da waɗannan abubuwa biyu na ciyar da yara biyar.

Mai ƙarfen yayan maigidana ne, Yakubu, amma ba mai kiransa haka. Ya yi shekara talatin a sashen sigina na reluwe, yana bin wayoyin gefen layin dogo, saboda haka kowa Baba Sigina yake ce masa. A shekarar tamanin da bakwai, shekarar da gari ya rikice mutane suka daina kallon juna a ido, wani kamfanin gina hanya ya tattara kayansa zai tafi. Suna da dogon ƙarfen rediyo da suke magana da ma'aikatansu na daji, ba su so su ɗauka. Baba Sigina ya kwashe giratutinsa kaf ya saya. Aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka kai kan tudun gonar maigidana a hanyar Gwantu, aka sake haɗawa. Ƙafa huɗu a cikin kankare, wayoyin ɗauri ta kowace kusurwa, fenti ja da fari, jar fitila a can ƙoli saboda jirgin sama. A gindinsa ɗan ɗaki na bulo mai janareta da batura da akwatunan rediyo. Ya je Kaduna sau ban san adadi ba har ya samo lasin. Ya yi wata biyar ƙarfe na tsaye, ba ko mutum ɗaya a kai sai shamuwa.

Ranar da ya kira ni, na same shi zaune a kan gwangwanin fenti yana kallon sama.

Ya ce, “Maman Bitrus, na gina gida mai hawa, ba ɗan haya.”

Na ce, “Baba, wa zai kwana a can sama? Ko mayu ba za su yarda ba, iska ta yi yawa.”

Ya yi dariya ya ce, “Ba mutum zai kwana ba, maganarsa ce za ta kwana. Ni na san waya, ban san bakin mutane ba. Ke kin san wanda ke da kuɗi, kin san wanda ke da kuɗin baki kawai. Ki samo mini su.”

Haka na shiga koyon sana'a ina da jikoki. Ya nuna mini cewa duk mai rediyon oba-oba, in ya ɗaura eriyarsa a rufin ofis, maganarsa ba ta haura duwatsun Kagoro. In ya ɗaura a kan ƙarfenmu, sai ta bi ta kansu ta sauka ƙauyuka. Tsayi muke sayarwa ke nan. Ya koya mini riƙe ƙaramar oba-oba ta hannu: ki danna, ki yi magana, ki ce oba, ki saki. Sati biyu ina mantawa da sakin, ina ta surutu shi kuma yana can yana jiran in yi shiru. Sai ya ba ni wata doguwar igiya mai ƙulli shida. Ya ce tsawonta tsawon ƙarfen ne daga inda eriya ke fara aiki zuwa ƙoli, kowane ƙulli wurin ɗan haya ɗaya. Ƙullin sama ya fi tsada. In na je wurin mutum, sai in shimfiɗa igiyar a ƙasa in nuna masa ɗakinsa.

Na auna tsakanin ƙulli da ƙulli da hannuwana a buɗe, gaba uku cif. Na ce, “Baba, wannan fili duka fa? Ai mutum biyu za su shiga nan.”

Ya ce, “Akwai mai zama a wurin.”

“Wa?”

“Ki bar shi kawai, ba ya son a dame shi.”

Mutum ne mai zolaya, ko a jana'iza sai ya sa wani ya ƙunshe dariya. Na ɗauka zolayar ce. Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake ɗago maganar ba.

Kayan aikina ke nan: igiya, oba-oba a cikin jakar leda saboda ruwa, lema, goro na gaisuwa, da ƙafafuna. Ƙafafun sun fi duka shan wahala.

Ɗan hayana na farko Alhaji Sabo ne, mai sayen citta. Kakansa ne ya fara zama a kasuwar Kafanchan, shi kuma yana da wakilai a ƙauyuka suna saya masa busasshiyar citta, yana lodi zuwa Kano. Damuwarsa ɗaya ce: farashi ya tashi ko ya faɗi a Kano, kafin labari ya kai wa wakilinsa a kan babur, kwana biyu sun wuce. Na yi masa sallama sau huɗu. A na huɗun ya ce, “Maman Bitrus, kin fi mai bin bashi naci. Ni ban yarda da abin da ban ji da kunnena ba.” Na ce to, ranar kasuwar Gwantu mu tafi tare, ni zan biya wa kaina mota.

Muka je. A tsakiyar kasuwa, wajen masu doya, na ciro oba-oba na danna. “Baba Sigina, Baba Sigina, Maman Bitrus ce daga Gwantu, oba.” Shiru. Abin ya yi ta shuuu kamar ana soya gyaɗa. Mutane suka fara taruwa, wata mai kunu ta ce tsohuwa ta zautu tana magana da sabulu. Na sake kira. Sai muryarsa ta fito tas, “Ina jin ki. Ki gaya wa Alhaji motarsa mai shuɗin kai ta wuce gindin tudu yanzun nan, kuma tayar baya ta yi laushi, oba.” Alhaji ya karɓe abin daga hannuna yana juya shi. Ya ce, “La'ilaha illallahu. Tayar nan tun jiya nake yi wa direba faɗa.” Kafin mu koma gida ya zaɓi ƙullin sama. Ya riƙe shi da yatsa biyu ya ce, “Abu ɗaya zan tambaye ki. Abin da zan faɗa wa yarana, wani zai ji?” Na ce, “Alhaji, ni bango nake fara dubawa kafin in sa mutum a ɗaki. Ba mai ji.” A lokacin nan, Musulmi ya ɗora sirrin kasuwarsa a gonar Kirista ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan uwansa sun yi masa magana. Ya ce musu ya san matar.

Na biyu asibitin mishan ne, suna da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka da motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya. Su ba su wahalar da ni ba, sai dai kwamiti. A zauna, a yi addu'a, a ce a dawo wata mai zuwa. Na halarci zama biyar kafin Sista babba ta buga tebur ta ce, “Matan da ke naƙuda ba su jiran kwamiti.” Na uku mai injin katako a wajen Gwantu. Na huɗu ɗan kwangilar da ke gyaran gadoji. Ƙulli huɗu cikin shida. Ba mu taɓa wuce haka ba a zamanin Baba yana da lafiya, amma huɗun nan sun sayi mai, sun biya lasin, sun biya mai gadi, na kuma samu nawa la'ada.

Ba kowace fita ake dawowa da mutum ba. Akwai wani mai babbar gona a Kauru da ya aiko a kira ni. Baba ya ce Kauru ta yi nisa, ba za ta kai ba. Na ce a Gwantu ma an ce ba za ta kai ba. Na shiga bas tun safe, na ƙarasa a kan babur, ƙugu kamar zai rabu. Mutumin ya tara ma'aikatansa, aka kawo mini kujera. Na danna, na kira, na kira. Na hau kan tirakta na kira. Na hau kan tankin ruwa, tsohuwa da ni, zani a ɗaure a ƙugu, na kira. Ba komai sai shuuu. Mutumin ya ce a ba ni abinci. Ban taɓa cin tuwon da ya tsaya mini a wuya kamar wannan ba. Daga ranar na koyi cewa in Baba ya ce ba za ta kai ba, ba za ta kai ba. Da na haɗa wannan darasi da maganar gaba uku, da yau wani labarin nake ba ku.

Samun ɗan haya rabin aiki ne, riƙe shi ne sauran. Da damina tsawa ta fi son ƙarfenmu a kan duk wani abu a ƙasar nan. Ta sauka sau ɗaya ta ƙone akwatin mai katako, ni na je na zauna a ofishinsa ya zazzage ni tas, da ya gama na ce a kawo mini ruwa in sha, muka shirya. Da rani masu farautar ɓera su sa wa daji wuta, sai mun yi shara kewaye da wayoyin ɗauri. Batura na son ruwansu na musamman. Fitilar ƙoli in ta mutu sai Baba ya ɗaura bel ya hau da kansa, yana da shekara sittin da wani abu, ni ina ƙasa ina karanta Zabura da ka. Kowane ƙarshen wata in zaga 'yan haya, ba don karɓar kuɗi kawai ba. In tambayi lafiyar rediyo kamar yadda ake tambayar lafiyar yaro. Wanda ba ki gaishe shi ba sai ranar biya, ranar da ya ga wata hanya ba zai yi miki sallama ba.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da mai ya ɓace a gidajen mai, mutane na kwana a layi. Janareta ba ta san uzuri ba. Muka koma sayen dizal a galan wurin 'yan bumburutu. Ɗan kwangila ya gama gadojinsa, ba a ba shi wani aiki ba, ya kwance eriyarsa. Mai katako ya rufe injin. Saura Alhaji da asibiti. A cikin wannan hali, wata safiya Baba ya sunkuya zai duba batir, ya faɗi. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, baki ya karkace. Yana ji, yana ganewa, amma in ya buɗe baki sai sauti kawai.

'Ya'yansa suka zo daga Kaduna. Babban, Ishaku, ya zaunar da ni ya ce, “Mama, mun gode da wahalarki. Amma mutum biyu ba za su riƙe abin nan ba. Akwai masu sayen ƙarfe a Panteka, sun ce za su zo su gani.” Baba na kwance a ɗaki yana jin mu. Ya ɗauki kofin silba da hannun hagu ya jefi ƙofa. Na shiga na durƙusa na ce, “Baba, na ji. Ba za a kwantar da shi ba ina numfashi.” Na fito na ce wa Ishaku ya ba ni zuwa ƙarshen kakar citta. In ban cika ƙarfen nan ba, ya kira mutanensa.

Ban taɓa yawo kamar na watannin nan ba. Takalmi biyu na kashe. Na samo mai motocin safa da ke zuwa kudu, na samo wani ƙaramin banki na al'umma, na samo mai gidan kaji. Sai ƙungiyar manoman citta, mutanenmu, yawancinsu muna majami'a ɗaya. Sun sayi tsofaffin rediyo a hannun ɗan kwangilar da ya tashi. Sakatarensu, Mista Danladi, ya ce su ƙauyukansu na bayan dutse ne, in ba can sama ba maganarsu ba za ta kai ba. Mai safa ma sama yake so. Banki ma sama. Kowa sama. Ƙullin sama na Alhaji ne, na biyu na asibiti.

Na je gindin ƙarfen na ɗaga kai. Tsakanin eriyar Alhaji da ta asibiti, fili fetal, gaba uku, ba komai sai iska. Idona na dillaliyar ɗakuna ya ga ɗaki biyu a rufe, a unguwa mafi tsada, a shekarar yunwa. Na tuna Baba ya ce akwai mai zama a wurin, na ce a raina to yau zai biya haya ko ya tashi.

Injiniya daga Kaduna kuɗi ne, ba ni da su. Akwai wani Sunday mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, mutum mai iyali, ba ya tsoron tsayi. Na tambaye shi ko zai iya ɗaura eriya a filin nan. Ya ce, “Mama, in ƙarfe zai ɗauka, ni zan ɗaura. Waya ce da noti.” Ya ɗaura ta ƙungiyar manoma kamu biyu a ƙarƙashin ta Alhaji. Ya ɗaura ta mai safa a saman ta asibiti, kusan suna taɓa juna. Sauran ya jera su a ƙasa. Muka gwada ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi magana tas. Ɗaya bayan ɗaya muka gwada, ku riƙe wannan. Ba wanda ya ce a gwada su tare.

Ranar Lahadi bayan sujada na ɗauki hayar a-kori-kura, aka sa Baba a gaba, muka hau tudu. Na buɗe masa ƙofa na ce, “Baba, dubi gidanka. Ya cika.” Ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fara buga hannun hagu a jikin mota, yana wani sauti, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace. Ya ɗaga yatsu uku yana kaɗa mini su a fuska. Na ce, “E, Baba, sun fi uku a sama, har da ƙari a ƙasa!” Direba ya ce, “Tsoho ya ji daɗi, Allah sarki.” Na saya wa kowa lemo a hanyar dawowa. Na gaya wa matan zumunta cewa Baba ya yi kukan murna.

Kakar citta ta kama. Mata na tsagawa, ana shanya a kan duwatsu, gari duk ƙamshi. Sati uku ba abin da na ji. Sai wata ranar kasuwa Alhaji Sabo ya aiko in zo. Na same shi a ofis, rediyonsa a kan tebur, bai ce in zauna ba. Shekara shida ban taɓa shiga wurin nan an bar ni a tsaye ba.

Ya ce, “Tsaya nan. Saurara.”

Muka tsaya. Can sai rediyon ya yi ƙara, muryar Mista Danladi ta fito, a shaƙe amma ana ganewa: “Salamar Ubangiji, 'yan'uwa. Kada kowa ya sayar yau. Alhaji ya gaya ma yaransa da safe Kano ya tashi, ya ce su kwashe kafin mu ji. Ku riƙe kayanku, oba.”

Alhaji ya kashe rediyon a hankali. Ya ce, “Sati biyu yarana na zuwa ƙauye, manoma na gaya musu farashin da na faɗa da bakina a ɗakin nan. Na kori yaro ɗaya, na ce shi ne munafukin. Yaron da na riƙa tun yana ƙarami. Maman Bitrus, me na tambaye ki a Gwantu?”

Na ce, “Alhaji, na rantse da Littafi ban sani ba.”

Ya ce, “Na yarda ba ki sani ba. Amma wa zan gaya wa haka ya yarda? An ce mini kada in hau, na ce na san matar.”

Daga wurinsa na wuce ofishin ƙungiya. Na ce, “Mista Danladi, kana jin maganar mutum sati biyu, ba ka zo ka gaya mini ba?” Ya ce, “Mama, mu ba mu saci komai ba. Magana ne ya shigo ɗakinmu da kansa. Shekara nawa suna saye a hannunmu da arha? Mun ɗauka Ubangiji ne ya buɗe mana kunne.” Na ce Ubangiji bai buɗe muku kunne ba, Sunday ne da sifana. Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba.

Kafin sati ya zagayo, labari ya cika kasuwa, kuma ba yadda ya faru aka ba da shi ba. A wannan layi an ce Uwar Ƙarfe ta sayar wa 'yan cocinsu sirrin Alhaji. A wancan layi an ce in har ana jin na Alhaji, to na kowa ma ana ji, wa ya san wanda take kai wa namu. Manajan banki ya aiko a sauke tasu a ranar. Sista babba ta kira ni ta ce kwana uku ke nan in mai safa na magana da direbobinsa, su ba sa jin ƙauyuka, an kira mota daga wani ɗakin shan magani ba su ji ba sai da aka turo mai babur. Ban tambaye ta abin da ya sami marar lafiyar ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Na sayar da awakina na kawo injiniya daga Kaduna, wanda da shi ya kamata in fara. Ya tsaya a gindin ƙarfe ya sa hannu a goshi ya kalli sama, ya ce, “Wa ya yi wannan?” Na ce ni ce. Na nuna masa igiya. Ya bi ta da hannu daga ƙulli zuwa ƙulli, ya ce wanda ya ƙulla wannan ya san aikinsa. Ya yi ta bayani da Turanci, na ce ya yi mini da Hausa. Ya ce, “Mama, eriya biyu in sun matsu, kuma lambobinsu na kusa, maganar wannan na zuba cikin wancan. Filin nan da kika gani ba ɗaki ba ne. Shi ne bangon.”

Ni da na shekara goma sha biyar ina ƙwanƙwasa bango kafin in sa mutum a ɗaki.

Ya sauke na tsakiya, ya mayar da komai kan ƙulli. Ƙarfe ya koma daidai, ba mai jin wani. Na ɗauki goro na koma wurin Alhaji, na ce an gyara, ya zo a gwada a gabansa, rediyo biyu a tare. Wannan karon ya sa an kawo mini kujera. Ya ce, “Na san an gyara. Amma yanzu in na danna abin nan, bakina ba ya sakewa. Na koma wa babur, kwana biyun ma na yafe.” Ya karɓi goron, ya raka ni har bakin ƙofa. Bai sake hawa ba. Ƙungiyar manoma da aka ce su sauko ƙulli na uku, maganarsu ba ta haura dutse, suka tafi. Mai safa ya tafi. Mai kaji ya bi su, shi da ba abin da ya same shi.

Ishaku ya ƙara mini shekara, ya sake ƙara mini wasu, saboda mahaifinsa na da rai. Na je Kwoi, na je Zonkwa, na je Kachia. Duk inda na shimfiɗa igiya, sai a ce, “Au, ƙarfen da ake jin maganar mutane?” Labarin ya riga ni isa ko'ina, shi ba ya biyan kuɗin mota. Asibiti kaɗai suka zauna, don ba su da sirrin farashi, har su ma wata ƙungiya ta kafa musu nasu ɗan ƙarfe a harabarsu. Fitilar ƙoli ta mutu, ba mai hawa. Fenti ya fara ɓarewa. Ina zuwa gaishe da Baba kowace Lahadi. Na gaya masa na gane yatsu ukun. Ya kama hannuna da na hagunsa ya matse, ya saki. Ban san ko yafewa ce ko gajiya ba. Ya rasu da damina, a casa'in da takwas.

Bayan an share makoki Ishaku ya ce, “Mama, mutanen Panteka za su cuce ni, ban san ciniki ba. Ki tsaya mana.” Ni na yi cinikin. Shi ne dillancina na ƙarshe, kuma na yi shi da kyau, sai da suka ƙara sau uku. Suka zo da tukwanen gas da abin yanka. Abin da aka yi wata guda ana haɗawa, kwana uku suka yi. Daga sama suka fara, gunduwa-gunduwa, suna jefowa ƙasa na girgiza. Na zauna a kan gwangwanin fentin nan har suka gama. Ishaku ya miƙo mini la'ada a ambulan, na ce ya kai coci ya sa a baiko.

Shekaru kaɗan bayan haka masu wayar salula suka shigo, suna neman tudu ido rufe, suna tambaya ko akwai ƙarfen da ke tsaye su hau. Aka nuna musu tudunmu, suka ga kututturen kankare huɗu, suka wuce na gaba suka gina nasu. Shi ne wanda kuke nunawa da leɓe. Kada wanda ya ce mini da na jira. Na jira shekara huɗu da ƙarfen da kusan ba kowa a kai.

Kankaren huɗu suna nan, a kansu nake shanya citta, suna riƙe zafin rana. Igiyar ma tana nan, ga ta a ƙarƙashin gado, Rifkatu ta so ta yi shanya da ita na hana. Wani lokaci in ciro ta in auna. Hannuna ya ƙanƙance yanzu, tsakanin ƙulli da ƙulli ya fi mini gaba uku. Mutumin ya gaya mini da bakinsa akwai mai zama a wurin. Tambaya ɗaya ce ta rage in ƙara yi masa, yana zaune a gabana da lafiyarsa a kan gwangwanin fenti, ni kuma na yi dariya na naɗe igiyata.